Mudu Huɗu na Sahabi

Wanda ya saba ratsa kasuwar hatsi ta Gusau da yamma, lokacin da 'yan awo ke ɗaure bakin buhuna suna kakkaɓe riguna, ba zai rasa ganin wani tsoho siriri ba, a sunkuye, guntuwar tsintsiya a hannun dama, tsohon buhu a hagu. Malam Ɗayyabu ke nan. Ba bara yake yi ba. Share wa masu hatsi gaban rumfa yake yi, su kuma su bar masa abin da ya zube: gero da ƙasa, dawa da tsakuwa, ƙwayar masarar da ƙafa ta taka. A gida matarsa Saude ta sheƙe, ta bakace, ta tsince, abin da ya rage shi ne tuwonsu.

Mutumin nan kuwa ya taɓa mallakar rumbuna uku.

An haife shi a Tungar Marke, wani ɗan ƙauye a bayan Bilbis, ƙasar Tsafe, inda duwatsu ke gurfane kamar raƙuman da aka sauke wa kaya, gero kuma in damina ta yi kyau yana rufe mutum har da hularsa. Mahaifinsa, Malam Haliru, manomi ne mai ɗan karatu, kuma shi ke riƙe da mudun Annabi na ƙauyen, wani ɗan akushin itace baƙi wanda hannaye suka goge har yana sheƙi. In azumi ya zo ƙarshe, akushin nan sai ya zaga gida-gida ana auna zakkar fidda kai, mudu huɗu ga kowane rai, sannan ya komo gida, domin shi Malam Haliru ba ya nasa awon sai safiyar sallah, bayan an idar da asuba.

A lokacin ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, duk wanda ke cin tukunyar gandun ya zo ya zauna, daga tsohuwa mai sanda har jinjirin da bai yi kwana arba'in ba. Maigida ya durƙusa gaban masakin gero, ya kira sunan mutum da ƙarfi, sunansa na yanka, sannan ya zuba masa mudunsa huɗu. Ko ɗan fari, wanda iyaye ba sa kama sunansa don kunya, ran nan sai an kira shi. Malam Haliru yakan ce kunya tsakaninmu take, mu mutane, wannan kuwa da Ubangiji ake yi, kowa sai da sunan da aka raɗa masa.

Da haka Ɗayyabu ya tashi. Ya gaji gonar, ya gaji akushin, ya gaji durƙuson. Ya auri Saude, mace mai ƙaramin jiki da yawan kawaici, ta haifa masa ɗa namiji aka sa masa Sahabi. Bayansa wasu sun zo sun koma tun suna goye, mata biyu suka rayu suka yi aure nesa. Sahabi kaɗai ya tsaya a gandu, ya girma kafaɗa da kafaɗa da ubansa a bayan shanun huɗa.

Saude ba ta taɓa kama sunan ɗanta ba. Babba take ce masa, yana rarrafe Babba, ya yi gemu Babba. Uban ma haka, in ba "kai" ba to Babba. Da Sahabi ya auro Maimuna daga Bungudu, ita ma kunyar miji ta hana ta, sai da ta haifi Zahra'u ta samu abin fakewa, ta koma cewa Baban Zahra'u. Sunan nan dai, a waje kowa na kiransa, a kasuwa, a gona, a dandali, amma a cikin gidan da aka raɗa shi sau ɗaya ake jinsa a shekara. Malam Ɗayyabu zai fara da kansa, ya kira Saude, na uku ya ce, "Sahabi." Nan take Saude ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shiga gyara wutar da ba ta buƙatar gyara.

Sahabi kuwa ba ya barin ta. "Inna, kin ji an kira wani? Wane ne wanga, baƙo muka yi?"

"Tashi ka ba ni wuri, marar ta-ido."

"Ki faɗa ko sau guda, in saya miki zane."

"Riƙe zanenka. Malam, ka ga ɗanka ko?"

Gida ya ɗauki dariya, geron na zuba cikin ƙwarya da ƙara irin ta yayyafi a kan ɗakin kara. Wanda ya ga Saude a irin wannan safiya ya san duk shekara ita take jira, ta ji sunan ya fito daga bakin mijinta, ta ɓoye murmushinta a mayafi.

Sai ɓarayin daji suka zo. Da fari shanu suka kora. Daga baya suka ce ba mai shuka sai ya biya, da amfani ya nuna suka ce ba mai girbi sai ya sake biya. Mutane suka biya, don ba su da wata ƙasar. Wata ranar kasuwar Tsafe Sahabi ya kai auduga, a hanyar dawowa aka tare motarsu aka shige da su daji. Sau ɗaya aka kira waya, Malam Ɗayyabu ya ji muryar ɗansa, a shaƙe, yana cewa, "Baba, ku yi ƙoƙari." Suka yi ƙoƙari. Shanun huɗa suka tafi, gonar fadama ta tafi, har kwanonin jeren Maimuna. Aka kai abin da aka ce a kai, inda aka ce a kai. Aka ce su koma gida su jira. Wayar ba ta sake shiga ba.

Wani da ya kuɓuto ya ce ya ga Sahabi da rai, yana ɗebo musu ruwa. Wani da ya kuɓuto bayansa ya ce ya ga mai kama da shi kwance ƙarƙashin itace, ba ya iya tashi. Ba wanda ya ga gawa. Ba a yi salla ba, ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma daina leƙen hanya ba.

Kaka ta gaba aka sa wa Tungar Marke wuta. Rumbuna suka ci, suka ci, ƙauyen ya daɗe yana ƙamshin tumu, ƙamshin da yara ke murna da shi farkon kaka, har yau in Malam Ɗayyabu ya ji shi sai ya kauce wa wurin. Akushin Malam Haliru yana rataye a ɗaki, tare da ɗakin ya tafi.

Suka iso Gusau su huɗu, da tabarma da tukunya ɗaya, suka samu ɗaki a wani kango a bakin gari, ginin da mai shi ya kai linta ya bari. Buhu ne ƙofa, buhu ne taga. Kowane ɗaki da ƙauyen da ya gudo daga ciki. Maimuna ta shiga wanki da wanke-wanke a gidajen masu hali, Malam Ɗayyabu ya ɗauki tsintsiya.

Azumin farko da ya same su a can, tun daga tsakiyar wata ya fara ware ɗan wani abu daga sharar kowace rana. Limamin masallacin unguwar, Malam Zakari, matashi mai sauƙin kai, ya ji labari ya same shi.

"Baba, ai ba ta hau kanka ba. Kai ne wanda ya kamata a kawo wa."

"Na sani, Liman."

"Shi kuma ɗan naka baligi ne, ko yana nan ba dole ba ne ka fitar masa."

"Wannan ma na sani. Amma mu can gandu muke, tukunya guda. Wanda ke ci tare da kai, kai ka fitar mai."

"To da wane mudu za ka auna?"

Malam Ɗayyabu ya haɗa tafukansa biyu ya nuna masa. Hannu ne matsakaici, ba babba ba, ba ƙarami ba, kuma tun yana saurayi ya gwada, cikinsu daidai yake da cikin akushin ubansa. Liman ya dube su, duk kanta da tsaga.

A kangon nan fidda kai yawo take yi. Wanda aka kawo wa daga cikin gari sai ya fitar da tasa daga ciki ya miƙa wa ɗakin gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa. Hanatu, wata bazawara mai kaifin baki da ke maƙwabtaka da su, ta ce ta gane wani gero da ya shigo ɗakinta sau biyu rana ɗaya. "Wanga gero ya fi mu gudun hijira," in ji ta. "Ku bar shi ya zauna ya huta, bayin Allah." Malam Ɗayyabu ba ya shiga wannan zagaye. In an kawo musu yana karɓa ya gode, su ci. Amma abin da zai fitar sai wanda bayansa ya sunkuya a kai. Safiyar sallah ya shimfiɗa tabarma kan simintin da ba a shafe ba, ya kira kansa, ya kira Saude, ya ce, "Sahabi," ya zuba tafi huɗu. Saude ta ja mayafi. Ba mai tsokanarta yanzu, amma ta ja.

Ba a fitar wa matacce fidda kai. Kowa a ɗakin ya san haka, ba wanda ya taɓa faɗa. Muddin tsohon nan ya kira sunan ya zuba, to Sahabi na wani wuri yana numfashi, yana jin yunwa, yana daga cikin masu cin tukunyar nan. Haka aka yi sallah bayan sallah. Zahra'u da aka gudo da ita a goye ta yi wayo, ta iya aike, ba ta san fuskar ubanta ba.

Bana, azumi ya raba tsakiya, sai ga Malam Yari, mahaifin Maimuna, daga Bungudu. Dattijo ne mai gonar rake da ɗan rufin asiri, ya sha zuwa yana komawa shi kaɗai. Suka zauna a inuwar katanga, baki a bushe, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi ƙishirwa, kowa na jan lokaci.

"Malam Ɗayyabu, ban zo da faɗa ba."

"Ko ka zo da shi, kai ad da gaskiya."

"Ka dubi ɗiyar nan. Hannunta duk ya ci ruwa, ƙashin wuyanta a waje. Ka dubi jikanyarmu, gashinta ya yi ja kamar gemun masara. Ni ba mai kuɗi ba ne, amma gidana ana ɗora tukunya sau biyu. Na je wurin alƙali, ya ce ta zo da kanta, da wani daga dangin miji, a duba lamarinta. Yarinya ce, Malam. Ba ta da aure, ba ta da takaba, ba ta da zawarci. Mi za a kira wanga zama?"

"Ni ban ɗaure ta ba. Na ce mata ta bi ka tun bara."

"Ka faɗa da baki. Ka san abin da ta ce mani? Ta ce, Baba, duk shekara ina zaune ake auna wa Baban Zahra'u. Wanda ya haife shi bai fidda rai ba, ni wace ce? Ta ce ranar da ka tsallake sunanai, ranar za ta naɗe tabarmarta." Malam Yari ya murza carbi. "Ban ce ka kashe ɗanka ba. Allah Ya sani, ni ma ɗana ne. Amma masu rai da muke gani fa?"

Malam Ɗayyabu ya raka shi har bakin titi, ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Bai kuwa buƙaci faɗa ba, katangar kango ba ta riƙe magana. Daga ran nan ya lura Saude ta rage cin sahur. Ta ce ƙirjinta ke zafi. Ya lura kuma ƙwaryar da suke tara hatsin fidda kai tana cika fiye da abin da yake kawowa. Tana ɗiba daga bakinta tana ƙarawa, don kada safiyar sallah ya ce geron ne bai kai ba.

Goman ƙarshe ya yi ta a sunkuye, yana shara yana kai da komo a zuci. In ya tuna muryar nan ta cikin waya, sai ya ce wallahi sai ya auna. In ya dawo gida ya tarar da Zahra'u kwance a tabarma, ba ta wasa, idanu sun yi mata yawa a fuska, sai ya ajiye ruwan buɗa-baki bai sha ba. Ya roƙi Allah Ya nuna masa ko a mafarki. Bai ga komai ba. Ya tsaya bakin tasha yana duban masu saukowa daga motocin Tsafe, kamar yadda ya saba, ba don yana sa rai ba, don dai ƙafa ta saba.

Aka ga wata. Da aka idar da asuba ya dawo ya tarar Saude ta riga ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye geron, tsaf, ba tsakuwa ko ɗaya. Ya kalle shi ya san ya isa mutum biyar har da 'yar ragowa. Maimuna na zaune gefe, Zahra'u a cinyarta. Daga nesa ana jin kabbara ta fara tashi, gari na wayewa fari-fari ta ramukan buhun taga.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya yi bisimilla, ya nutsa hannu.

"Ɗayyabu." Tafi huɗu.

"Saude." Tafi huɗu. Ta kai hannu ga gefen mayafinta, tana shirin ja.

Ya cika tafukansa. Ƙwayoyi na zubowa ta tsakanin yatsu suna komawa inda suka fito. Ya daɗe a haka, har Zahra'u ta ɗago kai ta dube shi.

"Maimuna," in ji shi.

Ya zuba. Ya ƙara, ya ƙara, ya ƙara. Ya kira Zahra'u ya zuba nata. Sannan ya kakkaɓe hannu a kan ƙwaryar, ya ɗora su a gwiwa. Maimuna ta kifa fuska a bayan 'yarta, kafaɗunta na motsi, ba sauti.

Hannun Saude na nan riƙe da mayafin, ba ta ja ba. Fuskarta a buɗe, tana dubansa kai tsaye, abin da ba ta saba ba.

"Malam, ka yi tsallake."

Ya sunkuyar da kai.

"Malam, ga gero nan ya rage. Ka manta Sahabi."

Tun ranar da wanzami ya aske kan yaron, ba wanda ya taɓa jin wannan suna a bakinta. Ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare. Malam Ɗayyabu ya ɗago ya dube ta.

"Ban manta ba, Saude."

Ta matso da gwiwa, ta sa nata ƙananan hannuwan cikin geron, ta ɗiba ta zuba a wata 'yar ƙwarya daban, tana faɗin sunan a kowane tafi, a hankali, kamar mai lallashin yaro ya ci abinci. Bai hana ta ba. Ya ɗauki na mutum huɗun ya kai wa Hanatu. Ta buɗe baki za ta yi barkwancinta, ta ga fuskarsa, ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah Ya karɓa. Ya wuce idi da rigarsa ta jiya, ya yi salla a sahun baya, bai ji huɗuba ba.

Bayan sallah Malam Yari ya zo. Malam Ɗayyabu da kansa ya bi su gaban alƙali ya faɗi abin da ya sani, wanda ba shi da yawa. Ranar tafiya Maimuna ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ka yafe mani." Ya ce, "Ke za ki yafe muna, mun riƙe ki da yawa." Ta je ta durƙusa gaban Saude, Saude ta shafa kan Zahra'u ta ce a riƙa shafa mata man kaɗe. Motar Bungudu ta tashi da su.

'Yar ƙwaryar nan tana nan a kusurwar ɗaki, an rufe ta da faifai. Saude ba ta yarda a bayar ba, don ta ce ba hannun maigida ya auna ba, ba ta kuma yarda a daka ba, don ta ce na Sahabi ne. Ƙwari sun shiga, geron ya soma zama gari, in an ɗaga faifan sai ƙura ta tashi. Kunyar kuwa ta tafi gaba ɗaya. Yanzu tana kiran sunan tana shara, tana kiransa tana hura wuta, tana tambayar duk baƙon da ya shigo kangon ko ya fito ta wajen Tsafe, ko ya san wani Sahabi, dogo, mai wushirya. Sunan da ake ji sau ɗaya a shekara ya cika ɗakin, Malam Ɗayyabu ne kaɗai ba ya iya faɗarsa.

Har yanzu yana zuwa kasuwa da guntuwar tsintsiyarsa. Baki biyu kawai yake ciyarwa, buhun kan yi nauyin da zai ishe su tun rana da sauran tsayi. Amma ba ya tafiya. Yana nan a sunkuye yana share inda ya riga ya share, har 'yan awo su watse, har mai gadi ya ce, "Baba, a yi haƙuri, za mu rufe."